Ruwa Ya Yi Gyara

Ranar da kuka fara zuwa ofis, ku sababbin 'yan sa-kai, na ji ɗayanku yana tambayar abokinsa a baranda, "To, ina jirgin ruwan namu yake?" Ban amsa ba a lokacin, ina fama da kwaɗon sito da ya yi tsatsa. Yau zan amsa. Ba mu da jirgi. Wanda kuka gani a waya, mai ruwan lemo, da mutane sanye da rigunan iyo suna ɗaga hannu, na ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da mu ne. Macen da ke tsaye a goshinsa kuwa ƙawata ce, Hindatu. Aji ɗaya muka yi a makaranta, shekara ɗaya muka shiga aikin agajin gaggawa, ita a can, ni a nan. Yau tana da jirgi, da tantuna, da babura, da sito mai sabon kwano wanda rana ke wasa a kansa. Mu kuma muna da shebura, da lauje, da tsofaffin buhunan taki, da lasifikar hannu wadda sai an buga mata gefe take magana.

Na faɗa muku tun da wuri ne don kada ku ji a bakin wani. In riga mai walƙiya da hoton rabon shinkafa suka kawo ku, motar zuwa wajen Hindatu tana tashi daga tashar Kura kullum. In kuma za ku zauna, to ku saurara in ba ku labarin aikin, da yadda gaisuwa guda ta hana mu jirgi.

Aikina na farko tafiya ce a ƙasa. Malam Garba, shugaban sashenmu na wancan lokaci, ya dubi takalmina mai tsini, ya buɗe kabad ya miƙo mini takalman roba da suka fi ƙafata nesa ba kusa ba. "Cusa tsumma, Rumasa'u," ya ce. Muka shiga a-daidaita-sahu har inda kwalta ta ƙare, sannan muka taka cikin gonaki. Rani ne, tumatir ya yi ja, albasa ta yi kore shar, kanal, hanyar ruwan noman rani, na gudu da ruwa mai haske kamar an narka madubi. Na tsaya ina kallo. Malam Garba ya ce, "Ba nan muka zo ba." Ya kai ni can ƙasan gonaki, inda wani dogon rami mai baƙin ruwa ke kwance cikin ciyawa, yana wari.

"Kanal baƙo ne mai tsaraba," ya ce, "kowa yana son sa, har faɗa ake yi a kansa. Wannan kuwa magudana ce, ita ke kwashe ruwan da gona ta ƙoshi da shi ta kai rafi. Mai wanke kwanuka ce bayan an watse daga biki, ba mai tuna ta. Amma ranar da ta ƙi aiki, gari ne zai kwana a ruwa. Aikinki yana nan."

A ranar na san kacalla, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero da ta ƙone. Ita ce ke shaƙe magudana. Sabon hannu yakan yanke ta daga sama, ya waiwaya ya ga fili, ya ji daɗi. Ba a jima ba sai ta tofo ta fi da. Sai ka shiga ruwan, ka lalubi gindinta, ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, don ruwan ya bi cikin karan ya ruɓar da saiwa. Abin da ka yanka kuma sai ka ja shi nesa da baki, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi ya cushe bakin kwalbati, aikinka ya zama shi ne ɓarnar. Akwai matsattsaku a ruwan, akwai tsargiya. Kada ɗayanku ya shiga ba takalmi don ya burge 'yan mata.

Buhun yashi ma ba a cika shi. Na ga wannan a wani gida bayan kasuwar Bunkure, inda ruwa ke shiga ta zaure. Samari sun cika buhuna taf, sun ɗaure, sun jera su tsaye kamar tuluna, ruwa ya bi ta tsakaninsu ya wuce abinsa. Ana zuba wa buhu fiye da rabi kaɗan, a naɗe bakin ƙarƙashinsa, a kwantar da shi, a taka har ya baje, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa kamar ginin bulo. Da rani kuwa wuta ce aikin, musamman ta ɓuntun shinkafa da ake tarawa bayan injinan Kura. Wutar ɓuntu ba ta da harshe, a ciki take ci. Ka watsa ruwa a sama ka ce ta mutu, jibi akuya ta taka ta nutse cikin garwashi. Sai an baje tarin da manjagara an bi shi lungu-lungu.

Amma duk waɗannan hannu ke koyo. Abin da ya fi wuya shi ne mutane, domin ba su aiko mana ba. Mai shago yana zaune ake zuwa wurinsa. Mu kuwa mu ke bin mutane gida-gida muna tallan tsoron abin da bai zo ba tukuna. Manomi zai ce shuka ta sha masa kai. Mai shanu zai ce bakin magudanar da kake so a gyara nan ne mashayar dabbobinsa tun zamanin kakansa, kuma gaskiyarsa ce. Sai an zauna da ardo an ware wuri guda an shimfiɗa masa duwatsu. Ba ka da ikon tilasta wa kowa. Bakinka ne kawai, da ƙafarka.

Za ku ce ina kuɗin aikin? Akwai shi. Kowace shekara ana ware wani abu domin shiri kafin damina, sai dai hanyarsa doguwa ce, ofis-ofis, yakan iso bayan an yi girbi, wata shekarar ma ba ya isowa. Mai sauri shi ne na bayan ɓarna. Malam Garba yakan ce, "Kuɗin rigakafi gurgu ne, da rarrafe yake zuwa. Na agaji kuwa mota gare shi, har da jiniya." Ba mugunta ba ce. Gidan da ya rushe ana ɗaukar hotonsa. Gidan da bai rushe ba, wa zai ɗauki hoton rashin faɗuwarsa?

Shi ya sa muke dogara da gayya. Ƙauyen da na fi sani shi ne Ɗorawa, wanda ke kwance a kwari. Magudana guda ce ta taso daga Unguwar Gawo, a ɓangaren Hindatu, ta tsallake iyaka, ta bi ta bayan Ɗorawa a ɓangarena, ta faɗa rafi. Mai unguwar Ɗorawa, Baba Ilu, tsoho ne siriri mai tsabtar riga. Duk ƙarshen rani nakan je in gaishe shi, liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, Asabar maza su fito da lauje. Goggo Dije, wadda ke jan matan ƙauyen, ta ɗora tukwane a gindin bishiya, tana dafa dambu tana yi wa ragwaye habaici. Kafin la'asar sai ka ga baƙin ruwan nan ya farka ya fara tafiya. Ban san wani abin kallo da ya fi wannan ba, ruwan da ya daɗe a kwance ya tashi ya kama hanya.

Sai shekarar babban ruwa. A tsakiyar damina sama ta buɗe baki ta ƙi rufewa, ƙasa ta ƙoshi har ta fara amai. Ɗorawa ta yashe magudanarta a wannan shekarar kamar kullum. Unguwar Gawo ba ta samu ta yi ba. Hindatu ta yi ta kira, shuka ta ɗauke hankalin mutane. Da ruwan ya zo, a Gawo ya rasa hanya, ya juya ya shiga gari, ya kwantar da gidajen ƙasa kamar ana jiƙa garin kwaki. Allah ya tsare rayuka, amma mutane sun koma ajujuwan makaranta da tabarminsu. A Ɗorawa ya shigo har gwiwa, ya karya shingaye, ya kayar da katangu kaɗan, sannan magudana ta ja shi ya fita. Gari ya tsira. Fadama ce ba ta tsira ba. Shinkafar ƙauyen, wadda ta fara ɗaukar ciki, ta kwanta ƙarƙashin laka. Ta Baba Ilu kaf ta tafi.

Aka aiko cewa tawaga za ta zo daga birni ta ga ɓarna. Na je Ɗorawa tun jajibere na ce, "Baba, in sun zo a faɗa musu komai, kada a rage."

"In Allah ya yarda, 'yata," ya ce.

Da na dawo washegari sai na tarar da gari fes. Goggo Dije ta ji za a yi baƙi, ta sa mata sun kwashe lakar titi tas, sun share, sun yayyafa yashi. Maza sun tayar da shingayen da suka faɗi, sun rufe ɓarakar katangu da sabbin zana. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, an dama fura, dattawa sun sa fararen riguna.

"Goggo, me kuka yi haka?"

"'Yar nan, baƙi za su zo mu tarbe su da ƙazanta? Sai a ce mutanen Ɗorawa ba su da uwa."

Motocin suka iso bayan azahar, daga Gawo suke, takalmansu duk laka, fuskokinsu a gajiye. Shugaban tawagar mutum ne mai ladabi. Ya sauko, ya dubi titin nan busasshe, ya dubi fararen riguna, ya rusuna wa Baba Ilu ya ce, "Sannu, Baba. Yaya ruwa?"

Kun san amsar. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san ta tun kafin ya iya ɗaura wando.

"Ruwa ya yi gyara," in ji Baba Ilu.

"Ya yi gyara," dattawa suka amsa baki ɗaya.

"Masha Allah," in ji baƙon, ya sauke numfashi kamar wanda aka ɗauke wa kaya. "Haka muke son ji. Kun ga amfanin shiri ke nan."

Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, gonakin fadama suna bayan gari, in za a ɗan taka..."

"Malama, kin yi ƙoƙari ƙwarai. A rubuto mana. Akwai ƙauyukan da ke jiran mu, ruwa na cikin ɗakunansu yanzu haka."

Gaskiya ya faɗa. Ya ɗaga hannu, ƙofofi suka rufe, motoci suka juya. Tabarmi suka zauna ba wanda ya hau su, ƙudaje suka sauka a kan faifan fura.

"Baba!" na ce. "Shinkafarka fa kaf ta tafi!"

"Ta tafi."

"To me ya sa ka ce ya yi gyara?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa yake alwala. "Gaishe ni ya yi, 'yata. Mutum yana kwance a gadon asibiti, aka ce yaya jiki, me yake cewa?"

"Da sauƙi."

"To. Magana tana bayan zama ne. Da ya zauna ya sha ruwa, ya ce to Baba, me ya faru, da ni zan kai shi fadama da ƙafata. Amma mutum yana tsaye, ƙafa ɗaya a mota, in tare shi da kuka? Ruwa kuma na Allah ne. Ba a bakin gaisuwa zan kai ƙararsa ba."

Na rubuta, na sake rubutawa. Abin da ya zo wa Ɗorawa bai cika bayan a-kori-kura ba. Wajen Hindatu kuwa abubuwa suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya kamar balbelu a sabuwar huɗa. Katifu da barguna da buhunan shinkafa ga mutanen Gawo. Tantuna da babura ga ofishinta. Aka gina mata sito. Aka kai ta kwas birni ta dawo da jaka mai tambari. Wata safiya ina goge hijabi na ji muryarta a rediyo tana bayanin yadda ake shirya wa ambaliya, har da yadda ake yankan kacalla a ƙarƙashin ruwa, abin da ni na nuna mata da hannuna wata ranar hutu. Na bar dutsen guga a kan hijabin har ya yi tabo.

Daga ƙarshe jirgin ya zo. Na ce zan je in gaishe ta, amma ita ma ta san wa na je gaisarwa. Yana ɗore a kan tayoyi a farfajiyar ofishinsu, sumul, ba ko ƙwarzane, cikinsa na ƙanshin sabon fenti. Na zagaya shi, na shafa gefensa.

"Ruma," in ji Hindatu tana dariya, "idonki zai huda mini jirgi."

"Allah ya sanya alheri," na ce.

Na san abin da aka biya kafin a same shi. Na ga matan Gawo suna girki a barandar makaranta, na ga yadda Hindatu ta rame a wannan daminar. Na sani sarai. Amma sani ba ya rufe ido. Duk sanda na bi bakin babban kanal da yamma, rana ta zuba jan gwal a ruwa, sai in ga jirgin nan a raina yana tafiya a hankali, ni ce a goshinsa.

Da rani ya zo ƙarshe aka kawo motar haƙa ta yashe ɓangaren Gawo, daga kuɗin da ɓarnarsu ta jawo. A lokacin Malam Garba ya yi ritaya, sashen ya dawo hannuna. Na je na tsaya a iyaka na duba. Magudanar tasu ta zama faffaɗa, miƙaƙƙiya, ba ko tsinke. Daidai inda ƙasarmu ta fara, kacalla ta tsaya kamar bango. A da, toshewar Gawo takan riƙe rabin ruwan. Bana ba abin da zai riƙe shi. Duk zai sauko kan Ɗorawa a guje, in ya tarar da ƙofa a rufe kuwa, cikin ɗakuna zai nemi masauki.

Na kira gayya. Liman ya yi sanarwa. Ranar Asabar na tarar da Baba Ilu da tsofaffi 'yan kaɗan a bakin magudana, ba tukunya, ba hayaƙi. Na ɗauki lasifika, na buga mata gefe, na shiga gari. Matasan suna zaune wajen mai shayi. Wani manomi mai suna Sale, wanda a da shi ke fara faɗawa ruwa, ya miƙe ƙafa ya ce, "Anti, bana hutu muke. Mun yashe an ba mu masha Allah, 'yan Gawo sun yi kwanciyarsu an ba su katifa. A bar ta ta toshe, mu ma mu ga jirgi a ƙofar gida."

Aka kwashe da dariya. Na juya wajen Goggo Dije da ke tsinkar zogale a ƙofar gidanta.

"Kada ki kalle ni, 'yar nan," ta ce. "Ni ma bayan nan nawa katifa yake so."

Na sauke lasifikar, domin maganar Sale ba baƙuwa ba ce a kunnena. Tsofaffin suka yi abin da ƙarfinsu ya iya, bai kai tsawon gida guda ba. Gabas kuwa ta fara haɗa gira, iska na kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri.

Tafiyar da ta fi yi mini nauyi a duk aikin nan ita ce wadda na yi ranar Litinin zuwa ofishin Hindatu. Ban kalli jirgin ba. Na wuce kai tsaye na zauna.

"Yau da baki kika zo, ba da ido ba?" ta ce.

Na faɗa mata komai. Ta juya zobenta. Ta ce in Ɗorawa ta toshe, ruwan zai ci mu, sannan ya ja da baya ya koma musu, wahalar motar haƙa ta tashi a banza. Sai dai jirgin na ceto ne, kuma ba a ba ta izinin fita da shi iyaka ba.

"Ruwa ya san iyakar ƙaramar hukuma?" na ce.

"Bai sani ba, amma shugabana ya sani." Ta yi murmushi. "Tun da aka kawo shi bai taɓa ruwa ba, kullum cewa yake a fitar da shi atisaye. Bari in tambaye shi ko atisayen zai iya yin nisa kaɗan."

Ya yarda. Asabar da hantsi a-kori-kura ta tsaya a bayan Ɗorawa, jirgi a bayanta, mazan Gawo sun cika wata motar da laujensu. Ba su jira kowa ba. Suka sauke shi a bakin babban kwalbati, wurin da ya fi zurfi, inda ba mai iya tsayawa, inda duk shekarun nan muke gyarawa daga gefe kawai. Ba a ma tayar da injin ba, da gora aka tura shi. Suna yanka suna lodawa a ciki, a kai baki a juye. Kafin a jima fentin nan mai ƙanshi ya koma baƙi ƙirin.

Mutanen Ɗorawa suka fito kallo, suka jeru a inuwa. Sale ya ɗaga murya, "Sannunku, masu katifa!"

Wani magidanci daga Gawo, Malam Sabo, wanda gidansa na cikin waɗanda suka faɗi, ya ɗago daga ruwa, laka har ƙirji. Bai yi fushi ba.

"Katifar tana nan, ɗan'uwa, ko ledarta ban cire ba. Zo ka ɗauka. Ɗakin da zan shimfiɗa ta ne babu."

Ya sunkuya ya ci gaba da yanka. Ba wanda ya yi dariya.

Sai ga Goggo Dije da tukunya a ka, mata na biye da ita da itace. Ta sauke a gindin bishiya, ta gyara ɗaurin zane, ta fuskanci mazan garinta.

"Baƙi suna wanke mana bayan gida, ku kuna zaune kuna kallo? Gobe a kasuwar Bunkure a ce mutanen Ɗorawa ba su da uwa? To ku tuɓe wandunan ku ba mu, ga zannuwa nan, ku zo ku hura wuta!"

Sale ne ya fara tashi. Ya tafi gida, na ɗauka fushi ya yi, sai ga shi da lauje. Kunyar baƙo, wadda ta share mana titi ta hana mu agaji, ita ce ta tura su cikin ruwa a ranar. Kafin la'asar baƙin ruwan ya motsa, ya kama hanya.

Ni ma na hau jirgin, sau ɗaya tak. Hindatu ta miƙo hannu ta ja ni. Na zauna a kan tarin kacalla mai wari, matsattsaku na bin takalmina, ba wanda ya ɗauki hoto. Ba haka na hango shi a bakin kanal ba, amma na ji yadda ruwa ke ɗaga mutum daga ƙasa a hankali, kamar uwa ta ɗauki jariri mai barci. Na daɗe ban sauka ba, sai da ta ce, "Malama, ana jiran kaya."

Ruwan ya zo a lokacinsa, kuma bai zo da wasa ba. Na tsaya a kan kwalbati cikin rigar leda ina kallon na Gawo yana saukowa ja wur, yana kumfa. Ya taso, ya taso, ya lashi bakin magudana, ya wuce. Bai shiga ɗaki ko ɗaya ba. Fadama ta sha, ta tsane, shinkafa ta miƙe. Rahoton da na aika gajere ne, domin ba abin da ya faru, kuma ba a aiko wa abin da bai faru ba komai. Hindatu kuwa an ƙara mata babura bana. An wanke jirgin an mayar da shi kan tayoyinsa, da ƙwarzane guda a gefen hagu wanda kwalbatinmu ya yi masa. Har gobe in na bi ta wajen sai na leƙa. Nakan nemi ƙwarzanen nan in ce a raina, wannan dai nawa ne.

Saboda haka in an aike ku ƙauye bayan ruwa, kada ku tsaya a bakin mota. Ku cire takalmi, ku hau tabarma, ku sha abin da aka ba ku ko da kun ƙoshi. Tambayar farko gaisuwa ce, amsarta ta Allah ce da mutunci, ba taku ba ce. Sai an zauna ake yin ta biyu. Kuma in kun ga titi a share, ku nemi a kai ku bayan gari.

Washegarin ruwan nan da bai shiga ɗaki ba na je Ɗorawa. Baba Ilu yana zaune a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya ruwa, Baba?"

"Ruwa ya yi gyara."

Na cire takalman roba, na hau tabarma. Aka kawo ruwa a kwanon sha, na sha, na ajiye. 

"To, Baba, ga ni na zauna. Yaya ruwa?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kin koyi aiki, 'yata." Ya juya ya dubi ƙofar zaure, inda ake hango fadama kore shar har ƙarshen gani. "Yanzun ma ya yi gyara."

To, ga mabuɗin sito. Kowa ya ɗauki lauje da takalmin roba. Wanda nasa ya yi masa yawa, ya cusa tsumma.